Allah Ne Ko Mu Ne? Abin da Kiristoci Suka Ce Kan Bala'i, da Tambayar da Ta Rage Wa Mutanen Auyo

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba.

Duk wanda ya san yankin Haɗejiya ya san cewa da watan Agusta ya raba tsakiya, barcin mutanen Auyo da Kafin Hausa da Miga da Guri da Kiri Kasamma yakan ragu. Matasa na kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, dattawa na leƙen kogi safe da yamma. A 2018 ruwa ya shiga garin Auyo ya kori jama'a daga gidajensu. A 2020 ya dawo yankin. A 2022 kuwa abin ya game ƙasa, hukumomi suka ce sama da mutum 600 ne suka rasu a faɗin Nijeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar muhallinsu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Bayan ruwa ya janye, maganganu biyu ne ke yawo a majalisa. Wani ya ce ƙaddara ce, sai haƙuri. Wani ya ce zunubanmu ne suka jawo. To yau za mu leƙa gidan maƙwabtanmu Kiristoci, mu ji su me suka ce a kan wannan tambaya, don sun shafe kusan shekara dubu biyu suna muhawara a kanta. Wannan shirin tarihi ne, ba wa'azi ba, kowa ya riƙe aƙidarsa. Dalilin da ya sa muka ɗauko shi shi ne, ruwa in ya zo ba ya tambayar addinin mai gida, kuma akwai wani abu da ya fito daga muhawarar tasu wanda ya shafi kogin Haɗejiya kai tsaye.

Mu fara da ita kanta tambayar. Idan Allah mai iko ne a kan komai, kuma mai jinƙai ne, me ya sa jariri zai mutu a ƙarƙashin katangar da ruwa ya jiƙa? In ɗan fashi ya kashe mutum, an san wanda za a tuhuma. Amma girgizar ƙasa fa? Fari fa? Annoba fa? Malaman Kirista sun daɗe da raba sharri gida biyu: wanda ɗan Adam ke aikatawa da hannunsa, da wanda ke zuwa daga halitta. Na biyun ne ya fi ba su wahala.

Amsa mafi tsufa, kuma mafi sauƙin faɗa, ita ce horo ne. A littafinsu akwai labarin ruwan tsufana na zamanin Annabi Nuhu, akwai halakar Saduma, akwai annobar Masar ta zamanin Fir'auna. Duk waɗannan an bayyana su a matsayin hukunci. Shi ya sa har gobe za ka ji wani fasto yana cewa bala'i kaza ya sauka ne saboda zunubi kaza.

Sai dai a cikin littafin nasu akwai wuraren da suka taka wa wannan fassara birki. Na farko shi ne Littafin Ayuba, mai sura 42. Labarin Annabi Ayuba ba baƙo ba ne a wurinmu, amma a ruwayarsu yawancin littafin gardama ce tsakaninsa da abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar. Sun zo jaje, sai suka ɓige da tuhuma: tunda wannan ya same ka, lalle akwai laifin da ka ɓoye. Shi kuma ya dage bai yi abin da ya cancanci haka ba. A ƙarshe Allah Ya yi magana, bai faɗa wa Ayuba dalilin wahalarsa ba, sai Ya nuna masa girman halitta da ƙanƙantar sanin ɗan Adam. Waɗanda aka tsawatar wa kuma su ne abokan nan, masu fassara masifar wani. Kun ga inda aka dosa.

Na biyu yana cikin Linjilar Luka, sura 13. Wata hasumiya ta rushe a Siluwam, cikin birnin Ƙudus, ta kashe mutum 18. A ruwayarsu, Annabi Isa (AS), wanda suke kira Yesu Almasihu, ya tambayi jama'a ko suna zaton waɗanda suka mutu sun fi sauran mutanen gari laifi ne, ya kuma ba da amsa da kansa cewa ba haka ba ne, ya ce kowa ya duba kansa ya tuba. A Linjilar Yohanna sura 9 ma an tambaye shi game da wani da aka haifa makaho, laifin waye, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na ɗaya daga cikinsu ba. Wato tun daga tushe akwai layi biyu a cikin addinin: bala'i na iya zama tunatarwa ga masu rai, amma ba hujja ba ce ta yanke wa wanda ya mutu hukunci.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, wasu daga cikin manyan malaman da suka fara zurfafa wannan magana 'yan Afirka ne. A wajajen shekara ta 250 wata annoba ta mamaye daular Rum, ta shafe shekaru tana kisa. A birnin Kartaj, inda Tunisiya take a yau, akwai wani bishop mai suna Sifriyan. Mabiyansa sun rikice, don sun ga cutar tana ɗaukarsu kamar yadda take ɗaukar masu bautar gumaka. Sifriyan ya ce musu imani ba rigakafin cuta ba ne, duk mai jiki irin na ɗan Adam yana cikin jirgi ɗaya da sauran mutane. Ya ce annobar tana auna mutane ne: mai lafiya zai yi jinyar mara lafiya ko zai gudu? Mai kuɗi zai buɗe hannu? Ya umarce su da su kula da majinyata har da waɗanda ba addininsu ɗaya ba, a lokacin da ake jefar da masu cutar a kan titi.

Bayansa sai Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya zama bishop na garin Hippo, wato Annaba ta yau, ya rasu a 430. A shekara ta 410 mayaƙan Alarik suka shiga birnin Rum suka washe shi. Masu bin tsohon addini suka ce ai ga sakamakon barin gumakan kakanni. Agustin ya shafe sama da shekara goma yana rubuta musu raddi a littafinsa Birnin Allah. Ya ce wahala ɗaya ce ke samun nagari da mugu, bambancin yana ga abin da take fitarwa daga zuciyar kowannensu, ya kawo misalin yadda wuta ɗaya ke yi wa zinariya da ƙaiƙayi aiki daban. Ya kuma yi fice da ra'ayin cewa Allah bai halicci sharri a matsayin wani abu mai zaman kansa ba, sharri rashin alheri ne, kamar yadda duhu yake rashin haske. A wurinsa, saɓon Annabi Adamu ne ya shigo da mutuwa da lalacewa cikin duniya baki ɗaya. Wannan ita ce aƙidar zunubin asali, wadda Musulunci bai yarda da ita ba, amma ita ce ginshiƙin amsar cocin Yamma na tsawon ƙarnoni: duniya ce ta samu rauni, ba lalle sai wanda ruwa ya ci ne ya yi wani laifi na musamman ba.

Akwai wata amsa kuma da ake dangantawa da Ireniyus, bishop na Liyon a Faransa a ƙarni na biyu, wadda wani masani ɗan Ingila, John Hick, ya farfaɗo da ita a 1966. Su sun ce ɗan Adam ba a gama gina shi ba, duniya makaranta ce, in babu haɗari da rashi babu inda jarunta da tausayi za su tsiro. Wani marubucin Birtaniya, C. S. Lewis, a littafinsa na 1940 kan matsalar wahala, ya ƙara da cewa rayuwa ba ta yiwuwa sai da ƙa'idojin halitta tsayayyu. Ruwan da ke da nauyin ɗaukar kwalekwale shi ne ke da nauyin ture katanga. Manomin fadama ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

To yanzu mu zo kan ranar da ta girgiza duk waɗannan amsoshi. Ranar Asabar, 1 ga Nuwamba 1755, da hantsi, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal. Rana ce ta bikin tunawa da waliyyai a wurin Katolika, majami'u cike suke da jama'a, kyandirori na ci. Ƙasa ta girgiza, manyan coci-coci suka rufto kan masu ibada. Waɗanda suka tsira suka gudu bakin ruwa inda babu gine-gine, bayan kamar minti arba'in teku ta taso ta kwashe su. Sannan gobara ta kama ta yi kwanaki tana ci. Dubun dubatan mutane suka mutu. Igiyar ruwan ta kai har gaɓar Maroko ta yi ɓarna a garuruwan Musulmi.

Ku tuna, Lisbon gari ne da ya yi suna wajen addini. Shekara 45 kafin nan, a 1710, masanin Jamus Leibniz ya wallafa littafin da ya ce, tunda Allah Ya san duk irin duniyar da za a iya yi, wannan da Ya zaɓa ita ce mafi dacewa, kuma abin da muke gani sharri yana da gurbi a babban tsari. Bayan Lisbon sai maganar ta yi wa mutane nauyi a baki.

Amsoshi suka fara fitowa. Wani limamin Katolika, Gabriel Malagrida, ya fitar da ƙasida a 1756 yana cewa zunuban mutanen gari ne, kuma abin da ya kamata a sa gaba shi ne tuba. A Ingila, John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, shi ma ya ce hukunci ne, amma ya danganta shi da zaluncin kotun addini ta Katolika da ke ƙona mutane. Kun lura? Kowa ya ga hukunci, amma kowa laifin da ya riga ya tsana ya hango. Voltaire na Faransa ya yi waƙa mai zafi yana tambayar laifin da jarirai suka yi, yana tambaya ko Lisbon ta fi Landan da Faris saɓo ne, daga baya a 1759 ya rubuta labarin Candide yana yi wa ra'ayin Leibniz ba'a.

Sai Rousseau ya aika wa Voltaire wasiƙa a watan Agusta 1756. Shi yana kare hikimar Allah ne, amma hanyar da ya bi ita ce ta buɗe sabon babi. Ya ce ba halitta ce ta tara dubban gidaje masu hawa shida da bakwai a wuri ɗaya ba, mutane ne. Ya ce da yawa sun mutu ne don sun koma ɗaukar kuɗi da takardu. Wato girgizar daga ƙasa ta zo, amma yawan gawar yana da alaƙa da yadda aka gina garin. Masu nazarin bala'o'i na zamani suna ɗaukar wannan wasiƙa a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da iliminsu ya faro.

Wanda ya riƙe ragamar mulki a lokacin, ministan sarki da daga baya aka sani da Pombal, bai tsaya gardama ba. Ya nemi amincewar shugaban cocin birnin aka kwashe gawarwaki da yawa aka kai teku don gudun annoba. Ya ƙayyade farashin abinci. Ya aika wa limaman coci na faɗin ƙasar takardar tambayoyi: ƙarfe nawa abin ya fara, minti nawa ya ɗauka, ruwan rijiyoyi ya ƙaru ko ya ragu, gidaje nawa suka faɗi. Aka sake gina tsakiyar birnin da faffaɗan tituna da gidaje masu ƙashin katako a cikin bango, waɗanda ke iya lanƙwasa ba su rushe ba. Ba waliyyi ba ne, mutum ne mai mugun hannu, shi ya sa aka kori Malagrida daga birnin, kuma a 1761 aka kashe tsohon bayan kotun addini ta yanke masa hukunci. Amma gidajen da aka gina a zamaninsa suna nan tsaye a Lisbon. Limaman da suka cike masa takardun nan kuma ba su daina sallarsu ba don sun ƙirga minti.

Mu dawo gida. Kiristanci ya shigo ƙasar Hausa ne da wannan tambaya a goye. A watan Disamba 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar isa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu da rashin lafiya, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rage, shi ya gina ƙungiyar SIM wadda ta haifi cocin ECWA. A ɗaya ɓangaren kuma akwai Likita Walter Miller na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa, kuma yana cikin jagororin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wanda ya fito a 1932.

Labarin da ya fi dacewa da shirinmu shi ne na Gimi, a ƙasar Zazzau. Akwai wasu mutane da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Mabiyansa suka watsu zuwa wajajen Ningi da wasu wurare. A wajajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da coci da makaranta da gonaki, ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga yankin Karibiyan mai suna Thompson. Ka iya cewa shi ne ƙauyen Hausawa Kiristoci na farko. Cikin 'yan shekaru cutar barci ta shiga ta kashe mutane da yawa, garin ya watse, aka kwashe waɗanda suka rage zuwa Zariya. Ka yi tunanin abin da maƙwabta za su ce, ka kuma yi tunanin abin da su kansu za su tambayi zuciyarsu.

Amma mene ne ya kawo cutar? Ƙudan tsando, wanda ke zama a duhuwar bakin rafi inda mutane ke ɗibar ruwa. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani babban aiki a Anchau, a ƙasar Zazzau ɗin dai: aka sare duhuwar bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka sake wa ƙauyuka matsuguni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. An yi amfani da aikin tilas, an tashi mutane ba da son ransu ba, wannan ma tarihi ne. Sai dai cutar ta ja baya. Mutanen Anchau Musulmi ne, mutanen Gimi Kiristoci, ƙudan bai bambance ba, kuma maganin ma bai bambance ba.

Haka batun kuturta. Turawan mulki sun taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, sai jinyar kutare ta zama ƙofarsu. Daga 1937 SIM ta karɓi ragamar wuraren jinya irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano wanda har yau jama'a ke tururuwa zuwa, a 1950 kuma asibitin Galmi a Nijar. Ba a ɓoye yake ba cewa suna fatan samun mabiya, kuma sarakuna sun nuna damuwa musamman kan yara. Amma ta fuskar muhawarar da muke bi, wannan layin Sifriyan ne: in ka kasa bayyana dalilin ciwo, wanke gyambon.

A ƙarni na 20, bayan yaƙin duniya biyu, wata amsa ta ƙara ƙarfi. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitila ta rataye a watan Afrilu 1945, da Jürgen Moltmann a littafinsa na 1972, sun ce a aƙidarsu ta gicciye, Allah ba ɗan kallo ba ne, yana tare da mai shan wahala a cikin wahalarsa. Musulmi ba su yarda da gicciyewar ba, amma sai ka san wannan kafin ka fahimci abin da Kirista ke nufi in ya ce Allah na tare da mu a sansanin gudun hijira. A Latin Amurka kuma wani limamin Katolika ɗan ƙasar Peru, Gustavo Gutiérrez, ya dage cewa talauci ba rabo ba ne, tsari ne da mutane suka gina, kuma faɗa wa talaka ya yi haƙuri alhali ka san wanda ya danne shi, maimaita aikin abokan Ayuba ne. Fafaroma Francis ma a wasiƙarsa ta 2015 kan muhalli ya ce talakawa ne ke fara biyan bashin ɓarnar da ba su suka yi ba.

Tsohuwar amsar ba ta mutu ba. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a watan Janairu 2010, wani mai wa'azin talabijin na Amurka, Pat Robertson, ya danganta wahalar ƙasar da wai yarjejeniyar da kakanninsu suka yi da shaiɗan. Kiristoci da yawa suka fito suka yi tir da shi. A Nijeriya ma akwai coci-cocin da ke fassara kowace masifa da aikin maƙiya ko raunin imani, akwai kuma waɗanda ke ganin wannan cin zalin wanda abin ya shafa ne. Muhawarar tana nan da ranta.

To, mu ɗauki tambayar Rousseau mu kawo ta Auyo. Auyo tsohon gari ne, ɗaya daga cikin ƙananan masarautun yankin kafin jihadi, tare da irin su Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da ita Haɗejiya. Auyokawa har harshensu na kansu gare su, wanda ya ɓace. Mutanen da suka zauna ɗaruruwan shekaru a bakin kogi ba wawaye ba ne. Ambaliyar shekara-shekara ita ce arzikinsu. Ruwa ya zo da damina ya malale fadama, a shuka shinkafa, a kama kifi, ya janye ya bar danshi a yi noman rani, makiyaya su sami ciyawa. Da rani kuma kogin ya ƙafe a wurare da yawa.

Kogin yana farowa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya bi ta Wudil da Ringim, ya wuce Auyo da Haɗejiya, ya bazu a dausayin Haɗejiya da Nguru, ragowar ta nufi tafkin Chadi. A 1974, zamanin Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga. A 1992 aka kammala na Challawa. An yi su ne don noman rani da ruwan sha na Kano, kuma sun yi amfani, Kadawa da Kura shaida ne. Mu ma a nan akwai aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke Auyo, wanda Shugaba Buhari ya buɗe bayan gyara a farkon 2023.

Amma dam ya sauya ɗabi'ar kogin. Yanzu ana sako ruwa har da rani, hanyoyin da a da suke bushewa suka koma jiƙe duk shekara. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta riƙe yashi da laka, cikin kogi ya cike. Ruwan da ya kamata ya wuce sai ya tsaya ya nemi hanya ta gonaki da gidaje, wasu wuraren kuma da ke ƙasa ruwan ya daina isa gare su. Kacallar ta zama gidan tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwa in an bar shi ya malale fadama ya fi wanda ake samu daga irin adadinsa a manyan ayyukan ban-ruwa na sama. Ka ƙara da gine-gine a kan hanyar ruwa, da hanyoyin mota da aka ɗaga ba tare da isassun kwalbatoci ba, da ruwan sama da ke zuwa da ƙarfi cikin ɗan lokaci.

A 2010, da ruwa ya ci Jigawa, an yi ta musayar yawu tsakanin jami'an jiha da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are kan ko sakin ruwan dam ne ya jawo. A 1988 dam ɗin Bagauda ya fashe a Kano. A watan Satumba 2024 na Alau ya fashe ya cinye babban ɓangare na Maiduguri. Dam ba ya faɗowa daga sama, mutum ke gina shi, mutum ke duba shi ko ya ƙi dubawa, kuma akwai kasafin kuɗin da ake warewa da sunansa.

Ga abin da na ɗauka daga wannan dogon tarihi. Kiristoci ba su taɓa haɗuwa kan amsa ɗaya ba game da dalilin Allah, kuma masu zurfin cikinsu sun yarda akwai iyakar da hankali ke tsayawa. Amma sun gano cewa a cikin tambayar akwai tambayoyi biyu da ake cakuɗawa. Me ya sa Allah Ya bari a yi ruwa mai yawa, wannan ta malamai ce da zuciyar kowane mai imani. Me ya sa ruwan ya tarar da kogi a toshe, jinga a zaizaye, gargaɗi bai iso ƙauye ba, wannan tana da amsa, kuma amsar tana cikin ofis, a cikin fayil. Duk wanda ya amsa maka ta biyu da amsar ta farko, ka lura da shi.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga ba, kuma ya bayyana wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Saboda haka matasan Auyo da kewaye, ga aikin da ke gabanmu kafin damina. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A nemo su, a fassara su, a karanta a masallaci da coci da kasuwa. A tambayi kansila da ɗan majalisa kilomita nawa na kogi aka yashe bana, a ina, wa ya gani. A nemi hukumar kogunan ta riƙa sanar da ranar sakin ruwa a rediyo da Hausa. A rubuta sunan kowane ƙauye da ruwa ya ci, da rana, da gonaki nawa, kamar yadda limaman Fotugal suka cike takarda. In an je jaje kuma, kada a zama Elifaz. Wanda ɗakinsa ya faɗi tabarma yake buƙata da gidan sauro da maganin zazzaɓi, kuma in layin rabon kaya ya tashi, a tabbatar Kiristan da ke haya a bayan layi da Bafulatanin ruga sunansu na ciki.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya ba mu damina mai albarka. A tura wa wanda bai gani ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.